Shafin shagon Baffa da ya ƙi buɗuwa

Saƙon murya ne ya fara tona min asiri. Saura kwana goma sha biyu ƙaramar sallah, muna zaune a shagon Baffa a Kantin Kwari, ga azumi ga zafi ga cunkoso, 'yan dako sai "hanya! hanya!" suke da diloli a ka, sai ga saƙo ya shigo daga wata Hajiya tsohuwar kwastomarmu da take sari tana kaiwa Azare. Shi kuma Baffa bai san wani abu wai shi kara waya a kunne ba, ƙure murya yake har maƙwabta su ji.

"Alhaji barka da ƙoƙari, ya ibada. Wai wannan abin da ɗanka ya turo min ya ce in shiga in zaɓi les, tun bayan azahar nake dannawa ba abin da nake gani sai fari fat da wani ɗan abu yana ta juyawa kamar mazari, datata ta ƙare na sake sawa ita ma ta tafi. Don Allah a turo min hotunan ta WhatsApp yadda aka saba, ni ba zan iya wannan wahalar da bakin azumi ba."

Baffa ya ajiye wayar a kan bandirin shadda ya kalle ni ta saman gilashi ya ce "Injiniya, ka ji ko?" Duk ranar da Baffa ya kira ni injiniya to ba yabo ba ne.

Ni na haɗa wa shagon shafin intanet ɗin da hannuna bayan na dawo daga bautar ƙasa, da WordPress, manhajar gina shafi, da WooCommerce mai mayar da shi shago, kamar yadda masu ƙananan shaguna da dama suke yi, kuma wlh na cika baki sosai a lokacin, na ce wa Baffa daga yanzu mutumin Legas ko Abuja ko ma Yamai zai ga kayanmu yana kwance a ɗakinsa ya biya da kati ta Paystack mu kuma mu kai tasha a sa masa a mota. Ya biya kuɗin komai bai yi musu ba. To yanzu ga kwastomar da ta shekara goma tana sayayya a wajensa tana cewa a koma gidan jiya.

Abin da na fara cewa shi ne abin da kowa yake cewa, "Baffa ai matsalar netwok ce, kun san yadda sabis yake a can." Na ma buɗe shafin a laftof ɗina na nuna masa, ga shi ya buɗe nan take. Bai ce komai ba, ya dai ce wa yaron shago ya ɗauki hotunan les ɗin ya tura mata. Laifi tudu ne dai.

Da daddare bayan an sauko daga tarawi na ari wayar ƙanwata, wata tsohuwar itel da gilashinta ya tsage ta gefe, na kashe wayifai na kunna data na rubuta adireshin shafin. Na fara ƙirga a zuci. Ɗaya, biyu, uku... na kai goma allo fari ne, wajen sha biyar sunan shagon ya fito, hoton farko kuwa a hankali yake saukowa daga sama layi layi kamar ana zare labule, na wuce talatin na daina ƙirgawa saboda kunya. Wayar har ɗumi ta ɗauka. Ita kuma mai wayar tana tsaye a kaina tana cewa "Yaya ka cinye min data fa, sai ka biya ni." A nan na gane dalilin da ya sa nawa yake buɗewa da sauri, birawuza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, tana ajiye hotunan shafin da ka saba shiga a cikin na'urarka, ni kuma kullum a ciki nake, ashe shekara guda ina kallon abin da yake ajiye a laftof ɗina ne ina zaton haka duniya take gani.

Akwai wani ma'auni na Google kyauta, PageSpeed Insights, ka sa adireshin shafinka kawai ya gwada ya ba ka maki daga 0 zuwa 100, daga 90 zuwa sama kore ne, daga 50 zuwa 89 ruwan lemo, ƙasa da 50 ja. Abin da ya burge ni da shi, a ɓangaren waya ba ya gwada ka da babbar waya da intanet mai gudu, kwaikwayon matsakaiciyar waya yake da netwok mai jan ƙafa, wato dai kusan irin abin da yake hannun mutanenmu. Ya ba ni 14. Ja wur. Ya kuma nuna min cewa ƙa'idarsu ita ce babban abin da yake saman shafi, hoto ne ko rubutu, ya kamata ya bayyana cikin sakan 2.5, nawa kuwa ko kusa. Tun 2016 Google ɗin suka fitar da wani bincike da ya ce kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya ficewa suke in ya wuce sakan 3 bai buɗe ba. Hajiya da ta jira daga azahar har data biyu, ai ta yi mana kara ba kaɗan ba.

Da na duba nauyin shafin farko shi kaɗai, megabait 41. Ka lissafa, mutumin da ya sayi data gigabait ɗaya in ya buɗe irin wannan shafin sau 25 shikenan ta tafi, kuma wannan bayan a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kowa yanzu lallaɓa datarsa yake kamar man girki. Wato ni a zaune nake ina karɓar kuɗin shiga a ƙofar shago ban sani ba, kuma ba aljihunmu kuɗin yake zuwa ba.

Mafi yawan nauyin nan hotuna ne. Ga yadda nake yi a da, in ɗauki hoton atamfa da waya, faɗinsa fiksel 4,000 ko fiye, in kai shi manhajar zane in manna sunan shagonmu da lambar waya a jiki saboda masu satar hoto, sai in fitar da shi a tsarin hoto na PNG don wai na ji an ce shi ya fi fitowa tar. Wasu megabait biyar, shida, wani ma bakwai. Alhali wurin da hoton zai zauna a fuskar waya bai fi tafin hannun jariri ba. Kamar ka ɗauko tirela ne don kai turmin atamfa ɗaya Fagge. Shi PNG an yi shi ne don irin su tambari da zane mai launi kaɗan, hoton kaya kuwa JPEG ne nasa ko WebP, wanda Google suka fito da shi a 2010 kuma WordPress ya fara karɓarsa kai tsaye tun 2021. WordPress ɗin ma da kansa yana yanka ƙananan kwafi na kowane hoto in ka ɗora, amma ni da iyayina na je na zaɓi a riƙa nuna cikakken girma a ko'ina.

Gyaran ba wuya, cin rai ne kawai. Na yi amfani da Squoosh, shi ma kyauta ne a birawuza yake aiki, ka ja hoto ka jefa, ka rage faɗinsa, ni 1,200 na tsayar, ka zaɓi WebP, sai ya raba maka allo biyu da wani layi a tsakiya da za ka riƙa ja hagu da dama kana kwatanta na asali da matsattsen. Hoto mai megabait shida sai ya dawo kilobait 150 ko 200 kuma in ba an faɗa maka ba ba za ka bambance ba.

Amma fa a atamfa ne. Shadda labarinta daban, kuma a nan ne muka kai ruwa rana da Baffa. Da na ɗanɗana daɗin matsewa sai na zarme, na riƙa sauke ingancin har ƙasa sosai ina murna hoto ya koma kilobait 40, washegari na kai masa waya da alfahari na ce Baffa ku ga yadda yake buɗewa yanzu. Ya karɓa ya buɗe wata farar shadda, ya sa yatsa biyu ya ware hoton, ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙa hannu ya zaro ita kanta shaddar daga kanta ya warware yadi guda ya karkata ta wajen hasken ƙofa, zanen da yake cikin saƙar ya fito yana ɗaukar ido, ya karkata ta ɗaya gefen ya ɓace. Ya ce "Wannan ita nake sayarwa. Wannan ta cikin wayar taka kuwa ko likkafani aka ce min ba zan musa ba." Yaran shago suka kwashe da dariya, ni ma ban san sanda na yi ba.

Gaskiyarsa ne kuma. Ita matsewar hoto abin da take fara zubarwa shi ne ƙananan bambancin launi da take ganin ido ba zai lura ba, to ita kuma shadda kuɗinta gaba ɗaya a wannan ɗan bambancin yake, fari a kan fari, sheƙi da zanen saƙa, shi ne yake raba mai tsada da ta gama gari. Haka les mai duwatsu, in ka matse shi da yawa duwatsun sai su dame su zama kamar an watsa gero. Garin neman gira na kusa rasa ido. Abin da muka tsaya a kai, hotunan jerin kaya da ake gani ƙanana a matse su sosai ba komai, amma in mutum ya danna ya shiga cikin kaya ɗaya, a nan akwai hoto na kusa mai inganci wanda zai iya warewa ya ga saƙa, shi wannan ko ya kai kilobait 400 na yafe, tunda wanda ya danna da niyya ya zo. Shadda da les kuma na daina sauke su ƙasa da 85 a ma'aunin inganci, atamfa 75 ma ta ishe ta. Kuma yanzu kafin in ɗora hoton shadda sai Baffa ya gani ya ce to, shi ne hukumar tace hotuna.

Wani abu da ya taimaka shi ne hana hotunan ƙasa saukowa sai mutum ya gangaro kusa da su. WordPress yana yin haka da kansa tun 2020, amma zanen shafin da na saya ya zo da nasa salon da ya kashe wancan, sai duk hotunan shafin farko su taso a lokaci ɗaya suna rububin ƙofa kamar fitowa daga masallacin idi. Na gyara wannan, na kuma tabbatar babban hoton sama shi ba ya jira, shi ake fara kawowa.

Sai kwalliya. Kai, a nan na ga abin kunya. A saman shafi akwai silaida mai hotuna takwas suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ƙarƙashinta bidiyon cikin shago mai kunna kansa, shi kaɗai megabait goma sha wani abu. Fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi don wani aiki, 37 na ƙirga. Akwai wanda yake sa taurari da jinjirin wata suna zubowa daga sama, tun azumin bara na sa na manta da shi. Akwai na taɗi kai tsaye da ba wanda ya taɓa amsa saƙo a cikinsa, akwai na fassara zuwa harsuna ashirin, ban san wane mutumin Jamus nake jira ya zo sayen atamfa ba. Kowane ɗayansu yana ɗora nasa lodin da sai waya ta sauke ta kuma karanta kafin ta saurari yatsan mai ita, shi ya sa za ka danna abu a ƙaramar waya ya yi shiru kamar bai ji ba, ka sake dannawa, can sai ya amsa sau biyu. Babbar waya tana haɗiye wannan ba ka sani ba, mai ram gigabait biyu kuwa shaƙewa take.

Akwai kuma wani da yake fito da ɗan akwati a gefe yana cewa "wani daga Kaduna ya sayi kaza minti uku da suka wuce". Ba wanda ya saya, shi yake ƙirƙira. Da na yi wa Baffa bayanin aikinsa shiru ya yi sannan ya ce "Wato da sunana kake ƙarya da azumi a bakinka." Wannan ba don nauyi na cire shi ba.

Na bar 12. Silaida ta tafi, hoto ɗaya ya maye gurbinta. Bidiyo na mayar da shi Instagram na bar hoto da mahaɗi ga mai so. Wurin taɗi na sa maɓallin WhatsApp zalla wanda ba komai ba ne illa mahaɗi zuwa lambar shago, kuma dama can nan mutanenmu suke son a yi ciniki, ba Bakanon da zai sayi shadda ta dubu ɗari bai ce "nawa za a bari" ba. Salon rubutu ma kala huɗu nake saukowa daga waje, ciki har da wani mai lanƙwasa da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga an rubuta "ɗinki" harafin farko ya fita daban kamar baƙo a gidan biki. Na watsar da su duka na bar rubutun da yake zuwa da wayar mutum, ba abin saukewa kuma haruffanmu sun zauna daidai.

Bayan duk wannan maki ya hau hamsin da wani abu amma har yanzu akwai wani ɗan shiru a farko kafin komai ya fara fitowa. Wannan kuma daga saba ne, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kai. Hostin, wato hayar wuri a saba, mafi araha na saya, irin wanda ake cusa ɗaruruwan shafuka a na'ura ɗaya kamar gidan haya mai banɗaki ɗaya, kuma na'urar tana Amurka. Duk wanda ya danna daga Kano sai saƙonsa ya gangara Legas, kusan kilomita 1,000, ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Equiano, ya ƙetare ya dawo, kuma ba sau ɗaya ba, kowane abu da shafin yake buƙata sai an aika an karɓo. Wanda ya tuna watan Maris na 2024 da wasu wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma har harkar banki ta tsaya wa mutane, ya san da gaske a ƙarƙashin ruwa intanet ɗinmu yake bi.

Abu uku na yi. Na sa fulogin na ajiya, wanda yake dafa shafi sau ɗaya ya ajiye ya riƙa zuba wa duk wanda ya zo, maimakon kowane baƙo sai an hura masa wuta daga farko, don shi WooCommerce in ba ka yi haka ba duk shigowar mutum sai ya koma rumbun bayanai ya tambayo farashi da suna da adadin kaya. Sannan na bi da shafin ta Cloudflare, kamfanin da yake ajiye kwafin kayan shafi kusa da masu shiga, suna da tsarin kyauta kuma suna da na'urori a Legas, sai hotunanmu su zauna a can kusa ba sai an je Amurka ɗauko su ba. Na kuma ɗaga PHP, wato injin da WordPress yake tafiya a kai, zuwa samfuri na 8, dannawa ɗaya ce a wajen masu hostin ashe shekara guda ina kan tsoho.

A nan ma sai da na yi ɓarna. Na ga wani zaɓi na a ajiye komai da komai, na ce ai gara a yi mai gaba ɗaya, na kunna na je na kwanta. Da safe wani kwastoma daga Zariya ya kira yana faɗa, wai ya zuba yadi biyar na shadda a kwando ya shiga biya ya tarar da turamen atamfa uku da bai taɓa gani ba. Kwandon wani ne aka dafa aka ajiye ake zuba wa kowa. Ga shi kuma Baffa ya ƙara kuɗin wani les da safen saboda canjin dala amma shafi yana nan yana nuna tsohon farashi, har wata ta biya a haka, Baffa ya ce a ba ta tunda laifinmu ne, cikon kuma a aljihun injiniya. Shafin kwando da na biya da na asusun mutum ba a ajiye su, kowa nasa daban ne, fulogin ɗin kirki yana ware su da kansa, ni ne na bi ta bayansa na take. Yanzu kuma duk sanda aka taɓa farashi sai na share ajiyar na duba da wata wayar.

Ƙaramin abu na ƙarshe da na gyara shi ne tsallen da shafi yake yi. Ka kai yatsa za ka danna "saya" sai hoto ya gama saukowa a sama ya ture komai ƙasa ka danna wani abin daban. Rashin faɗa wa birawuza tsawo da faɗin hoto ne tun farko, in ka rubuta mata sai ta tanadi wurin ta bar shi fili har ya iso.

Yanzu shafin farko bai kai megabait biyu ba. Maki yana yawo tsakanin 70 da 80 a waya, ban kai kore ba kuma na daina binsa, don na ga abin da ya rage sai dai in cire hotunan kusa na shadda ko in sauya hostin mai tsada, na farko Baffa ba zai yarda ba na biyu kuma sai bayan sallar layya in ciniki ya yi kyau. Na je Farm Centre na sayi wata tsohuwar Tecno ta hannu na ajiye ta a durowar shago, ba ta da aikin komai sai gwaji, duk abin da na sauya sai na shiga can ƙuryar shago bayan diloli inda sabis yake sanda ɗaya ko biyu na buɗe da ita. Jiya a wurin na ƙirga huɗu hoton ya fito.

Hajiya ta Azare dai ba mu same ta a sallar ba, ta WhatsApp ta gama sarinta. Sai makon jiya na sake tura mata mahaɗin na ce Hajiya don Allah a ƙara gwadawa sau ɗaya, in ya ƙi ni zan biya datar. Ba ta amsa ba sai bayan la'asar, saƙon murya kuma, Baffa ya ƙure kamar kullum. Ta ce ya buɗe, ta ga les ɗin, mai ruwan goro ɗin nan guda shida take so, amma ita fa ba za ta sa katinta a waya ba a turo mata lambar asusu, kuma a gaya wa Alhaji farashin da aka rubuta a ciki na baƙi ne ba nata ba.

Saura hotuna wajen 600 na tsofaffin kaya da ban matse ba. Na ba ƙanwata kwangilar, naira hamsin kowane hoto, ta ce sai dai ɗari kuma sai na fara biyan datar da na cinye mata da azumi.